Yadda Gaɓar Siri Lanka Ta Raba Ni da Tsoron Ruwa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son ba da wannan labari, musamman saboda waɗanda suka yi irin tashin da na yi, aka raba su da ruwa tun suna ƙanana har suka manyanta ba su iya iyo ba.

A gidanmu ba a wasa da maganar ruwa. Ina firamare ruwa ya ci ƙanena. Wanka suka je da abokansa bayan an ɗauke ruwan sama, ƙafarsa ta zame ya faɗa wuri mai zurfi, kuma duk yaran da ke wurin babu ko ɗaya da ya iya iyo. Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar Umma ta kafa doka, ko bakin rafi aka ce an hango ka, ranar da kuka za ka kwana. Ban taɓa ganin laifinta ba. A haka na girma, na yi karatu, na kama aiki, na yi aure, amma in mota ta hau gada sai in kau da kai daga taga.

Aiki ne ya kai ni Siri Lanka, tsibirin nan da ke kudu da Indiya. Kafin tafiya na duba taswira, na ga ruwa ya kewaye ƙasar ta ko'ina, tsawon gaɓarta wajen kilomita 1,340, sai gabana ya faɗi. Umma kuwa da ta ji an ce tsibiri ne, sai da ta karɓi alkawari a bakina cewa babu abin da zai haɗa ni da teku. A Kolombo aka sauke mu, gidan kuma ba shi da nisa da ruwa. In dare ya raba, gari ya yi tsit, har cikin ɗaki kana jin rugugin teku. Makonnin farko barcina rabi da rabi ne.

Wani abokin aikina ne ya lura cewa duk lokacin da muka fita shan iska da yamma a filin Galle Face, ni kaɗai nake tafiya ta ɓangaren titi. Ya tambaye ni, na gaya masa gaskiya. Bai yi mini dariya ba. Ya ce akwai wurin ninƙaya na gini inda ake koya wa manya, ruwan iya ƙirji, malami yana tsaye a gefenka. Na kwana ina juya maganar, da safe na buga wa Umma waya, domin ba zan karya alkawarinta a ɓoye ba. Na ce, "Umma, na san kwana ne ya ƙare, amma Allah ya sa wa komai sababi. Da a ce cikin yaran nan akwai mutum ɗaya da ya iya ruwa fa?" Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "To ka je ka koya. Amma inda ƙafarka take taɓa ƙasa, kuma da mai kula da kai. Allah ya yi maka albarka." Daga nan duk matakin da zan ɗauka sai na fara sanar da ita.

Koyon iyo ya ɗauke ni watanni. Motsa hannu da ƙafa bai ba ni wuya ba kamar sakin jiki. Malamin zai sa tafinsa a ƙarƙashin ƙeyata ya ce in kwanta rigingine, in cika ƙirji da iska, in kalli sama. Da zarar ya zare hannu sai jikina ya sandare, in nutse. Ranar da na iya kwanciya a kan ruwa ni kaɗai, kunnuwana a ciki, ina jin numfashina, na fito na zauna a gefe na yi kuka.

Bayan haka ne na fara fita ganin gaɓa a ranakun hutu. Akwai jirgin ƙasa da ke tashi daga Kolombo ya bi bakin teku ya yi kudu, ya bi ta Kalutara, Beruwala, Bentota, Hikkaduwa, Galle har Matara, kuma a 2019 an ƙara layin zuwa Beliatta. Wanda zai hau shi ya nemi kujerar hannun dama. A wasu wuraren tsakanin dogo da ruwa babu komai sai jerin duwatsu, in teku ya motsa har feshinsa na shigowa ta taga. Itatuwan kwakwa sun karkato kan yashi, ga kwale-kwalen masunta masu sanda a gefe an jawo su tudu, ga bakin koguna inda jan ruwa ke shiga shuɗi. A Hikkaduwa na fara ganin masu hawan igiyar ruwa da idona. Na hango kawuna a can bayan inda ruwa ke fashewa, suna zaune a kan alluna ba sa komai. Sai wani tudun ruwa ya taso, ɗayansu ya juya, ya tuƙa da hannu, ya miƙe tsaye, ya bi gefen igiyar yana gudu kumfa na binsa a baya. Har rana ta faɗi ban bar wurin ba.

Kafin a shiga Hikkaduwa akwai wani ƙauye, Peraliya, wanda bai kamata mai yawon gaɓar nan ya wuce bai tsaya ba. Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 ta afku a ƙarƙashin teku kusa da Sumatra, bayan kimanin awa biyu tsunami, wato manyan igiyoyin ruwa da girgizar ta tayar, ta iso Siri Lanka ta hallaka sama da mutum 30,000. A Peraliya ta tarar da jirgin ƙasa cike da fasinja a kan wannan layi da nake bi. Da igiyar farko ta wuce, mutanen ƙauye suka ruga suka hau jirgin suna ganin ya fi tudu, ta biyun ta zo ta kifar da taragan. Sama da mutum 1,000 suka rasu a wurin. Yau akwai wani dogon gunkin Buda da aka kafa don tunawa da su, da ƙananan ɗakuna inda aka liƙa hotunan ranar. Na fito daga ɗakin hotunan jikina a mace, tsohon tsorona ya dawo sabo, na yi kusan cewa na haƙura.

Garin Galle ne ya ɗan kwantar mini da hankali. Turawan Fotugal suka fara gina ganuwarsa a 1588, 'yan Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa ta da dutse, Turawan Ingila suka karɓa a 1796, kuma tun 1988 tana cikin wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO. Ana iya zagaya tsohon garin a kan ganuwar, teku a gefe ɗaya, jajayen rufin gidaje a ɗaya gefen. A kusurwar kudu akwai farar hasumiyar fitila ta 1939, tana fuskantar farin masallacin Meeran. Lokacin tsunami wannan ganuwa ta kare na cikinta sosai, alhali tashar mota da filin kurket da ke wajenta sun sha ɓarna.

Gaba da Galle, wajen Koggala da Ahangama, za ka ga masuntan nan da ke zama a kan sanda da aka kafa cikin ruwa, waɗanda hotonsu ya cika duniya. Da yawansu yanzu don masu ɗaukar hoto suke hawa. Wasu baƙi na ƙorafi a kan haka, ni dai ban ga laifin mutumin da kifi ya ja baya ya nemi wata hanyar ciyar da iyalinsa ba.

A Weligama na shiga teku. Gaɓa ce mai faɗi da ta lanƙwasa ciki, ƙasanta yashi ne zalla, zurfinta a hankali yake ƙaruwa, shi ya sa masu koyon hawan igiya ke taruwa a can. Malamin da Allah ya haɗa ni da shi ɗan masunta ne, na girme shi nesa ba kusa ba, Yaya yake ce mini. Ranar farko ban taɓa allo ba. Ya zaunar da ni a kan yashi ya ce in gaya masa inda zan shiga in wanka na zo yi. Na duba, na ga ko'ina farin kumfa ne yana tafasa, ban da wani tsagi inda ruwan ya yi duhu ya kwanta lumui. Na nuna can. Ya tashi ya tsinto ɓawon kwakwa, ya shiga iya gwiwa, ya jefa shi cikin tsagin. Muna kallo ɓawon ya kama hanya ya miƙe cikin teku, babu igiyar da ta dawo da shi. Ya wuce inda ruwa ke fashewa, ya rage gudu, ya karkata gefe, can sai ga igiyoyi sun kamo shi suna turo shi, har ya dawo gaɓa nesa kaɗan da inda muke.

Ya ce, "Yaya, ka ga wannan wurin? Shi ne ke cin mutane." Duk ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya nemi wuri mai ɗan zurfi tsakanin tudun yashi biyu ya bi da ƙarfi. Saboda zurfin ne igiya ba ta fashewa a wurin, har ya zama shi ne ya fi kyan gani. Wani lokaci gudunsa ya fi ƙarfin gwanin iyo na duniya. Amma ba ya jan mutum ƙasa, waje yake yi da shi, kuma yawanci ba shi da faɗi. Abin da ke kashe mutum shi ne ya firgita ya nufo gaɓa kai tsaye yana kokawa da ruwan har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu a gan shi, ko ya yi iyo a gicciye har ya fita daga tsagin, da yardar Allah zai tsira. Masu iya magana suka ce iya ruwa fid da kai, a ranar na ga yadda ake fid da kan.

Muna zaune a wurin na ba shi labarin ƙanena. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi ma tsunami ta tafi da mahaifiyarsa da ƙanwarsa yana ɗan yaro. Ya ce ya yi shekaru ko kallon teku ba ya yi, har kawunsa ya ɗauke shi a kwale-kwale ya ce masa tunda a nan za su rayu, gara ya san ruwan da ya zauna yana ƙinsa. Wannan yaro ya yi rashin da ya fi nawa, ga shi kuma kullum asuba yana cikin ruwa yana koya wa baƙi. Ban sami abin cewa ba. Washegari na dawo.

Allon masu koyo na soso ne, dogo mai faɗi kamar ƙyauren ɗaki. Ana goga masa kaki don kada ƙafa ta zame, a ƙasansa ta baya akwai 'yan fikafikai da ke hana shi juyawa, sannan akwai maɗauri da ake ɗaurawa a idon sawun ƙafar baya, domin in ka faɗi allon kada ya tafi ya bar ka. A kan yashi ake fara koyon tashi. Ka kwanta rub da ciki, ka ɗaga ƙirji, ka dafa tafuka a gefen haƙarƙari, ka zabura gaba ɗaya ka sauka a tsaye, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a lanƙwashe, ido a kan inda za ka. Wanda ya kalli ƙafarsa ya faɗi. A cikin ruwa kuwa faɗuwa ba ta ƙirguwa. Ruwan gishiri ya shiga hanci, kafaɗu su yi tsami saboda tuƙi, allon ya goge maka ƙirji. An koya mini in na faɗi in rufe kaina da hannu biyu kafin in ɗago, domin allonka ma yana iya dawowa ya fasa maka goshi.

Ranar da na fara tsayawa da sassafe ne, babu iska. Ina kwance a kan allon, shi yana tsaye a bayana ruwa iya ƙirjinsa. Ya ce in tuƙa. Na ji bayan allon ya ɗaga, sai nauyinsa ya ɓace, ya fara gudu da kansa ba da ƙarfina ba. Na dafa na tashi. Ƙafafuna na rawa amma sun riƙe. Ina ganin yashin ƙasa yana wucewa ta cikin ruwan, ina jin ƙarar kumfa a bayan dugadugaina, itatuwan kwakwa suna matsowa, har fikafikan allon suka karci yashi na sauka da ƙafata. Bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba. Abin da ya fito daga bakina Alhamdulillahi ne, da ƙarfi, har mutanen da ke kusa suka waiwayo.

Da na ɗan ƙware, da gangan ya shigar da ni cikin wancan tsagi mai duhu, kowa a kan allonsa. Ashe gwanaye ta nan suke bi su fita, ruwan ya kai su bayan igiyoyi ba tare da wahala ba. Zuciyata na dukan uku-uku, amma na ga abin ya yi daidai yadda ya yi da ɓawon kwakwa, ya kai mu waje ya sake mu.

A da ina ɗauka hawan igiya wasan Turawa ne. Daga baya na karanta cewa mutanen tsibiran Folinesiya, musamman Hawai, sun daɗe suna yinsa kafin Bature ya gan shi, kuma Duke Kahanamoku ɗan Hawai, wanda ya ci zinare a iyo a gasar Olamfik ta 1912, shi ya yaɗa shi a Amurka da Ostireliya. Wasan kansa bai shiga Olamfik ba sai a gasar Tokiyo da aka yi a 2021.

Inda na fahimci daga ina igiyoyin ke zuwa shi ne Dondra, ƙarshen tsibirin ta kudu, gaba kaɗan da Matara. Akwai farar hasumiya mai kusurwa takwas, tsayinta mita 49, wadda ta fara aiki a 1890, babu wadda ta kai ta tsayi a ƙasar. In ka tsaya a duwatsun wurin ka fuskanci kudu, babu wata ƙasa a gabanka sai Antatika. Manyan jiragen dakon kaya na ta wucewa a can nesa, domin hanyar da ta haɗa Turai da Gabas ta Tsakiya da gabashin Asiya ta nan ta bi. Can ƙasan Tekun Indiya ake yin manyan guguwa, su tayar da ruwa, kumburin ya yi tafiyar kwanaki da dubban kilomitoci kafin ya iso. Ruwan kansa ba ya tafiya, ƙarfin ne ke ratsa shi. In ya iso wuri marar zurfi sai ƙasa ta riƙe gindinsa, kansa ya wuce gaba ya kife. Na koyi ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiya da igiya. In 5 ne ko 6, iskar kusa ce ta hargitsa ruwa. In sun kai 12 ko fiye, daga nesa suka zo, a jere suke kuma suna da ƙarfi. Na kuma gane dalilin sammako. Da dare ƙasa na yin sanyi, iska ta riƙa busowa daga tudu zuwa teku, ta tokare fuskar igiyar ta yi sumul. In rana ta take ƙasa ta yi zafi, iskar ta juya, ruwan ya dagule.

A Midigama, inda ƙasan ruwa dutse ne da murjani, na koyi ladabin wurin. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa shi ke da ita, ba ka shiga gabansa. Ba ka jefar da allo alhali akwai mutum a bayanka. In za ka faɗi ka faɗi a shimfiɗe, kada ka dira da ƙafa, saboda kaifin murjani da wata baƙar halitta mai ƙaya da ke maƙale a ramukan dutse. Baƙo kuma ya girmama 'yan gari.

Sauran kudu na bi shi a gurguje: Hiriketiya da ruwanta ya shigo tsakanin tuddai biyu, Kudawella inda teku ke shiga kogon dutse ya feso sama da ƙara, da Rekawa inda kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai. Cikin nau'o'i 7 na kunkurun teku da ake da su a duniya, 5 suna ƙwai a gaɓar Siri Lanka. Abin da ya sosa mini rai a wannan yanki shi ne yadda ake ta gina otal-otal har bakin ruwa, yashi na zaizayewa, sai a jibge duwatsu a tare. Ga robobi. A 2021 wani jirgin dakon kaya ya kama wuta kusa da Kolombo, ƙwayoyin roba suka malale gaɓar yamma. Wanda yake son teku ya kamata in zai fito ya tsinto abin da ya iya, ko ba shi ya yar ba.

Tsibirin yana da gaɓa biyu da ke karɓa-karɓa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kudu da yamma ke da kyau. Daga Mayu zuwa Satumba iskar damina ta kudu maso yamma ke kaɗawa, teku ya haukace, a kafa jajayen tutoci, kuma wanda ya ga jar tuta ya tsaya a tudu. A lokacin gabas take bushe, domin tsaunukan tsakiyar ƙasar sun tare ruwan sama. Sai kowa ya ɗaure allonsa ya nufi Arugam Bay. Hanyar ba ta bin gaɓa har can, saboda gandun dajin Yala ya tare, sai an yanka ciki ta Wellawaya da Monaragala. Wajen Lahugala na ga giwaye suna kiwo a bakin tafki, ɗawisu na tsallaka titi.

Gabas wata duniya ce dabam. Ƙasa busasshiya, gonakin shinkafa a shimfiɗe, tuddan yashi, manyan duwatsu masu santsi, tafkuna masu haɗe da teku. Garin Pottuvil yawancin mutanensa Musulmi ne masu yaren Tamil, daga nan ake tsallaka gada a shiga Arugam. Yankin ya sha wuya, yaƙin basasar da aka fara a 1983 bai ƙare ba sai 2009, tsunami kuma a gabas ta fi yin ɓarna. Da asuba kana jin kiran salla daga ƙetaren tafki, masunta na dawowa da kwale-kwale, masu alluna na tafiya a jere a kan yashi. A ƙarshen gaɓar akwai wani tsinin ƙasa da ya shiga teku. Kumburin da ya taso daga kudu yana zagayo shi ya riƙa karyewa a hankali ta hannun dama, har gwani ya yi tafiya mai nisa a kan igiya ɗaya. Can wurin manya ne, ni na fi zuwa inda ya dace da ƙarfina, arewa da Pottuvil da kuma ƙananan gaɓoɓin da ke hanyar ƙauyen Panama. A ɗayansu akwai wani dutse da ake hawa a hango teku a gabas, daji da tafki a yamma. Tafkin nan akwai kadoji, a 2017 kada ya kashe wani ɗan jarida ɗan Ingila a yankin. Duk inda ka je ka tambayi 'yan gari kafin ka sa ƙafa a ruwa, ko wanke hannu ne.

A Arugam na ga matan garin suna hawan igiya, sun kafa ƙungiyarsu a 2018, ta farko ta mata zalla a ƙasar. Abin ya tsaya mini a rai, domin a tsunamin 2004 mata sun fi maza mutuwa a wurare da dama, kuma cikin dalilan da aka bayar akwai cewa ba a koya musu iyo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kaɗai ruwa ya ci kimanin mutum 300,000 a duniya, yara ƙanana na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Hana yaro zuwa ruwa yana da amfani muddin idonka na kansa, amma idon iyaye ba ya bin yaro ko'ina. A wannan makon na kira maiɗakina muka yanke shawarar sa 'yarmu a koyon iyo wurin malama mace. Da na gaya wa Umma, cewa ta yi a sa har da 'ya'yan yayata.

Wata rana da hantsi na fito daga ruwa a wata gaɓa da babu masu ceto, sai na ga wani magidanci ya sauko da iyalinsa. Ya dubi ruwan, ya kama hannun yaransa biyu ya nufi inda ya yi duhu ya kwanta. Na ajiye allo na bi shi da sauri. Na yi masa sallama na ce, "Yallaɓai, don Allah kada ku shiga ta nan." Ya dube ni da mamaki, ya ce ai nan ne ya fi lafiya, can ga igiyoyi. Ban ja da shi ba. Na tsinci wani guntun itace na jefa, muka tsaya muna kallo har ya yi nisa. Mutumin ya ƙara damƙe hannun yaran. Na nuna musu wani lungu a bayan duwatsu inda ruwa iya gwiwa ne kuma ba ya ja, suka koma can, ya yi ta godiya.

Wajen Oktoba iska ta fara juyawa, igiyoyin gabas suka ragu, aka fara rufe rumfuna ana loda alluna a kan motoci za a koma kudu. Ni ma na bi su. Abin da ya rage mini yanzu arewacin tsibirin ne. Ina so in ga Trincomalee, mai ɗaya daga cikin manyan tashoshin jiragen ruwa da Allah ya tsaga da kansa, kusa da inda kogin Mahaweli, mafi tsawo a ƙasar, yake shiga teku. Daga nan in wuce Jaffna, in gangaro Mannar, inda jerin tuddan yashi ya miƙa ta cikin ruwa har kusa da Indiya, inda kuma akwai tsofaffin itatuwan kuka da ake cewa fataken Larabawa ne suka kawo irinsu. Tsakanin Jaffna da Mannar ruwan ba shi da zurfi kuma a kare yake, kumburin kudu ba ya kaiwa can da ƙarfi, don haka allon zan bar shi a Weligama wurin malamina har in dawo, in Allah ya yarda.